Tallafi da inshorar ƙaramar hukuma ga masu gyaran makabarta a Ingila: yadda muka same su

Shekara biyu ke nan ƙungiyarmu ta 'yan sa-kai tana kula da ɓangaren Musulmi na wata makabartar ƙaramar hukuma a arewacin Ingila, muna aiki a ƙarƙashin shirin tallafin kuɗi da inshora da hukumar ta tanada. 'Yan'uwa daga wasu garuruwa sukan tambaye ni ko shirin ya cancanci wahalar cike takardu, shi ya sa na ga ya dace in bayyana yadda muka same shi.

Dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ce ta ɗora wa waɗannan hukumomi ikon gudanar da makabartu, amma tun da aka fara tsuke bakin aljihu a 2010 ma'aikatan suka ragu, ta yadda injin hukuma yakan bi manyan hanyoyi kawai, ya bar ciyawa da ƙaya su rufe tsakanin kaburbura. Wannan giɓi ne muka shigo mu cike.

Kuɗin tallafin ba su taka kara sun karya ba, sai dai sun ishe mu sayen baro biyu da cebur da manjagara da safar hannu. Sharuɗɗan ma ba su yi tsauri ba: a kawo tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, a buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu, a adana rasit. Inda na ga gazawa shi ne lokacin biya, domin shekarar kuɗi tana farawa ne ranar 1 ga Afrilu, daidai lokacin da ciyawa take tasowa, mu kuwa kuɗinmu ba su shigo ba sai da ta kai gwiwa.

Maganar inshora ce ta fi ɗaukar mana hankali. A gida, idan damina ta wuce, liman ne yake sanarwa bayan sallar Asuba, kowa ya fito da fartanya ko lauje, a yi gayya a watse. A nan kuwa ba a yarda mu cire ko tsinke ba sai da inshorar da za ta biya diyya har fam miliyan 5 idan aikinmu ya jawo wa wani rauni ko asara. Hukumar ta ce za ta saka mu cikin tata kyauta, muka yi murna, sai daga baya muka gane cewa tana aiki ne kawai idan jami'inta yana tsaye a wurin. Jami'in yana zuwa Litinin zuwa Juma'a, mu kuwa direbobi ne da ma'aikatan asibiti da ɗalibai, ba mu da sarari sai Asabar da Lahadi. Wannan sharaɗi yana can cikin shafi na ƙarshe, kuma babu wanda ya ja hankalinmu gare shi.

Wata Asabar wani dattijo daga cikinmu ya zame a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa yana tura baro, ya gurɗe a wuyan hannu. Da muka bincika, sai aka shaida mana cewa ko da jami'in yana nan, inshorar ta shafi wanda muka cutar ne, shi kuwa ɗan sa-kan da ya ji ciwo da kansa yana buƙatar wata daban ta haɗari. Dole muka sayi tamu da karo-karo, tunda tallafin bai ƙunshi kuɗin inshora ba. Wasunmu sun so a nemi ta takaful, wato inshorar da ta dace da tsarin Musulunci, muka duba ba mu samu mai irin wannan tsari ba.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya ɓata wa wasu rai amma ni na goyi bayansa, wato hana mu taɓa duwatsun kaburbura ko da sun karkace. Dutsen mallakar iyalin mamaci ne, waɗanda dokar makabartu ta 1977 ta ba su damar riƙe kabari har shekara 100, kuma nauyinsa ba abin wasa ba ne, domin a 2015 wani dutsen kabari ya faɗo wa yaro ɗan shekara 8 a makabartar Craigton da ke Glasgow, ya rasu. Abin da muke yi shi ne mu ɗauki hoto mu aika wa ofis, kuma a wannan fanni ban taɓa ganin sun yi jinkiri ba.

A ganina shirin ya cancanci nema, musamman saboda shi ne yake ba ƙungiya izinin aiki da mabuɗin ɗakin ajiyar kaya. Amma kafin a sa hannu, a nemi jami'in ya rubuta ranakun da inshorar take aiki, da shekarun waɗanda ta shafa, da ko ta yarda a yi amfani da injin yankan ciyawa. Mu dai mun sabunta namu bana, tare da inshorar da muka saya da kanmu.