Wasiƙa daga Innsbruck: na'urar da na saya saboda zaftarewar ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Ranar Juma'a da muka yi waya ka tambaye ni abin da ya cinye mini kuɗi a wannan watan, na ce maka wata na'ura ce ta hawan dutse, sai na ji ka yi shiru. Na san lissafi kake yi, kana juya yuro zuwa naira. Layin ya katse kafin in yi maka bayani, shi ya sa na zauna in rubuto maka a tsanake.

Ka san Innsbruck a cikin kwari take. In ka tsaya a tsakiyar gari ka ɗaga kai ta arewa, jerin duwatsun Nordkette ne a kanka, sun haura mita 2,000, kuma duk tsawon hunturu fari fat suke. Abokan aikina kusan kowace Asabar sai sun fita, ba zuwa filayen zamiya da aka gyara ake biyan kuɗi ba, can cikin dawa suke nausawa, inda ba hanya ba mai gadi. Bara na ƙi bin su. Bana na amince, da irin takalmin nan mai faɗi da ke hana ƙafa nutsewa. Sharaɗi ɗaya suka gindaya mini: ba mai shiga motarsu sai da abu uku, na'ura da sanda da shebur.

Abin da ake tsoro shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda suke kira Lawine. Ƙanƙarar nan hawa-hawa take kwanciya. Wani lokaci a ƙasa akwai shimfiɗa mai garas-garas kamar sukari, a samanta kuma iska ta daddaɓe wata mai tauri. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya ta ƙasan, sai gefen dutse gaba ɗaya ya taho. Yawanci a gangaren da ya kai digiri 30 ko ya wuce ake samun haka, kuma mafi yawan waɗanda abin ke rutsawa da su, su ne ko abokan tafiyarsu suka taka ta karye. Ka gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta game da cikin gari. A saman duwatsun an kafa shingayen ƙarfe da ke riƙe ƙanƙara, a filayen zamiya kuma da nakiya ake saukar da ita kafin a buɗe wa jama'a. Sun ɗanɗana kuɗarsu: a Fabrairun 1999 ta faɗa wa ƙauyen Galtür a nan jihar Tirol, mutum 31 suka rasu. Ba sa wasa da ita.

Wanda ƙanƙara ta binne, numfashi ne ke ƙare masa. Binciken da aka yi a Suwizalan ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono a minti 15 na farko da ransu ake fito da su. Zuwa minti 35, abin ya faɗo wajen kashi 30. Akwai lambar ceto ta kan dutse, 140, akwai jirgi mai saukar ungulu, akwai karnuka. Amma kafin a kira, jirgi ya tashi, ya sami wurin sauka, lokacin ya tafi. Wanda kuka fito tare shi ne zai tono ka. Da na ji haka sai na tuna shekarar da katangar maƙwabtanmu ta faɗi cikin damina, da yadda kai da sauran samari kuka yi ta tonon ƙasa da hannu da fartanya, ba wanda ya tsaya jiran wani ya zo daga nesa.

Ita na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Sunanta na Jamusanci doguwar kalma ce da suke taƙaitawa LVS, amma a baki sai ka ji an ce Pieps, saboda tsuwwar da take yi. Ni ma 'yar tsuwwa nake ce mata. Aikinta biyu ne. In kun kama hanya kowa ya sa tasa a kan aikawa, tana ta fitar da sigina kusan kowane daƙiƙa. In ƙanƙara ta tafi da wani, waɗanda suka rage su juya nasu zuwa nema, kibiya ta nuna musu inda za su nufa, lamba ta nuna mita nawa ya rage. Duk duniya zango ɗaya ake amfani da shi, kilohaz 457, don haka ta kamfanin Faransa tana jin ta kamfanin Amurka. Ka tuna yadda Baba ke jujjuya rediyonsa a kan tabarma har sai tashar ta fito sosai? Matsalar tsofaffin na'urorin ke nan, eriya ɗaya gare su, sai gwani ya iya bin ƙarar da kunne. Tun 1997 aka fara yin masu lissafi da kansu, na yanzu kuma eriya uku ne da su, duk yadda wanda aka binne ya kwanta suna iya nuna wurin.

To, ga yadda cinikin ya kasance, wanda shi ne ainihin abin da nake son ba ka labari.

Na shiga shagon da niyyar ɗaukar mafi tsada a cikin waɗanda aljihuna zai iya. Haka muka taso, in abu ya shafi rai ba a tsumulmula. A jikin bango an rataye su da farashinsu a rubuce: na masu farawa daga wajen yuro 200 zuwa 300, na ƙwararru kuma sun doshi 400, wasu sun wuce. Akwai Pieps ta nan Ostiriya, Ortovox ta Jamus, Mammut ta Suwizalan, Arva ta Faransa, da BCA ta Amurka. Na nuna mai tsadar. Matar da ke tsaron sashen, wata dattijuwa, ba ta miƙa hannu ta ɗauko ba. Tambayoyi ta fara yi mini. Sau nawa na taɓa fita? Da su wa zan fita? Na taɓa riƙe irin wannan? Da na ce mata ban taɓa ba, sai ta ce mai tsadar an yi ta ne don jagororin dutse da ma'aikatan ceto, tana da zaɓuɓɓuka da yawa a ciki, kuma ranar da abokinka ke ƙarƙashin ƙanƙara hannunka na rawa, zaɓi mai yawa ɓata lokaci ne. Ta sauko da guda huɗu masu araha ta jera a kan tebur.

Sannan ta miƙo mini safar hannu mai kauri, ta ce in sa. Ta ce in kunna kowace, in juya ta daga aikawa zuwa nema, in mayar. Yaya, a nan na ga bambancin da ba a rubuta a kwali ba. Ɗaya ƙarama ce ƙwarai, mai kyau a aljihu, amma makunninta ya ƙi kamuwa da safar, sai da na cire. Wata tana magana da murya, ta ce maka yi hagu, yi dama, durƙusa, kuma caji ake yi mata kamar waya. Ta burge ni, sai dai na yi tunanin ranar da zan manta ban yi cajin ba, alhali batir kana iya saye a kowane gidan mai. Matar ta ɓoye wata na'ura a can ƙarshen shago bayan jakunkuna, ta ce in nemo ta da kowace. Sama da rabin awa ta ɓata a kaina, a kan kayan da ribarsa ta fi ƙanƙanta.

Abubuwan da ta ce kada in yi sassauci a kansu kaɗan ne. Eriya uku. Maɓallin da ke yi wa wanda aka riga aka gano alama, don na'urar ta bar shi ta koma neman na biyu in mutum fiye da ɗaya aka binne. Sai kuma ta iya komawa aikawa da kanta, saboda ƙanƙara ta biyu kan iya sauko wa masu nema. Nisan ji ya bambanta, kamfanoni kan rubuta faɗin mita 50, wasu 60, wasu 70, kuma mai nisa tana rage maka zirga-zirga a farkon nema. Na ɗauki Barryvox ta Mammut, ƙaramar, ba ta ƙwararru ba, don ita ce hannuna ya fi sabawa da ita nan take, kuma lambobinta manya ne. Sunan ma na wani kare ne, Barry, da ya yi suna wajen ceton matafiya a mashigar Saint Bernard shekaru 200 da suka wuce. Ban ce ta fi sauran ba. Abokin aikina Pieps yake riƙewa shekara da shekaru, kuma ya fi ni sauri nesa ba kusa ba.

Tayi kuwa babu. Abin da aka rubuta shi za ka biya, da harajin kashi 20 cikin 100 a ciki. Ragin da na samu shi ne na haɗa ukun a ƙunshi ɗaya: na'urar, da sandar lalube mai naɗewa mai tsawon santimita 240, da shebur na ƙarfe. Ta hana ni na roba, ta ce karyewa yake. Ta kuma ce in adana rasit, don dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye shekara biyu in kaya ya zo da aibi.

Na so in nemi ta hannu a intanet, yadda muke sayen waya, don akwai su da rabin kuɗi. Abokaina suka hana ni, kuma na gamsu. Eriyar ciki tana iya tsagewa in ta taɓa faɗuwa, ba a gani daga waje. Tsofaffin na'urori kan kauce daga zangon. Wani lokaci kuma kamfani kan janye wani samfuri saboda matsalar makunni, mai sayarwar ba lalle ya gaya maka ba. A nan ne na yi kewar gida ta wani ɓangare. Da a Kano ne, yaran Farm Centre za su buɗe abu su gano ciwonsa kana tsaye, kuma mai shagon da ya san ka zai ce tafi da shi, ka kawo kuɗin ƙarshen wata. Nan ba mai buɗe maka ita, kamfani ake mayarwa, ka jira makonni. Ba bashi, ba sanayya, ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke ruf. Amma a kan wannan kaya dai na fi son tsarinsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hidimar da ke kewaye da na'urar, wadda yawancinta kyauta ce. Kowace rana da ƙarfe 5 na yamma hukumar gargaɗi ta fitar da rahoton gobe na Tirol da maƙwabtanta na Italiya, da taswira, da matakin haɗari daga 1 zuwa 5, da ɓangaren dutsen da ya fi muni. Mataki na 3 ne ya fi cin rayuka, domin a 4 da 5 mutane kan zauna gida, a 3 kuwa sai a ga kamar ana iya fita. A bakin wasu hanyoyi an kafa akwati a jikin allo, in ka wuce da na'urarka a kunne ya haska kore. Na shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta ƙasar, Alpenverein, wadda hedikwatarta ke nan Innsbruck. Kuɗin shekara ya haɗa da inshorar ceto, abu mai muhimmanci, don in jirgi ya ɗauko ka daga wurin shaƙatawa kai za a kawo wa takardar biya, kuma dubban yuro ne. Suna ba da hayar kayan ma, ga wanda bai shirya saye ba.

A wurinsu na yi horon yini guda. Malamin ya binne jaka da na'ura a ciki, ya danna agogo, ya ce nemo. Na juya makunni, shiru, ina ta tafiya ƙanƙara har gwiwa. Can sai tsuwwa ta fara, lamba ta fito, 42. Na bi kibiya, kuma ba miƙe take kai ka ba, lanƙwasa take yi kamar baka. 20, 11, 6. Malamin yana bayana yana cewa rage sauri. Daga mita 3 na durƙusa, na kwantar da na'urar dab da ƙasa, gaba da baya, hagu da dama, har na sami lamba mafi ƙanƙanta. Na warware sanda na fara cakawa tazarar tsawon tafin ƙafa guda-guda, ina zagayawa. A karo na bakwai na ji abu mai taushi ya tare ta. Aka ce in bar sandar a tsaye, in ja baya ta gangare, in haƙo daga gefe.

Haƙan nan ne ya nuna mini gaskiyar lamarin. Ƙanƙarar da ta zaftare ba ta da laushin wadda ke sauka daga sama, daskarewa take kamar ƙasar fadama da rani, sai ka sare ta gunduwa-gunduwa. Zurfin mita ɗaya kacal, amma abin da za ka kwashe ya kai tan guda. Neman ya ci minti 4, haƙan ya ci fiye da ninkin haka, mu biyu muna karɓa-karɓa. Da jakar ta fito na zauna ina haki, na dubi abokin aikina da ya kawo ni, mai 'ya'ya biyu, na san in ranar ta zo waɗannan mintunan nawa su ne nasa. Tun daga nan duk mako muke maimaitawa a wani fili kusa da gida.

Sauran ƙa'idojin na riƙe su. A jiki ake ɗaura ta, ƙarƙashin rigar sama, ba a jaka ba, don ƙanƙara kan fizge jaka. Waya tana dagula ta, sai a raba su da aƙalla santimita 20 in ana tafiya, 50 in ana nema. Batir na alkalin ake sa mata, ba mai caji ba, a kuma cire shi in hunturu ya wuce kada ya zubar da ruwa a ciki. Kafin a bar wurin ajiye mota, mutum ɗaya ya tsaya, kowa ya wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya a tabbatar tasa na aikawa.

Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu muna son shiga kwarin Sellrain. Sai mun ga rahoton yammacin Juma'a tukuna. In ya nuna 3, mun riga mun yi magana cewa hanyar cikin itatuwa za mu bi, inda gangaren bai kai digiri 30 ba, mu juyo da wuri. Zan turo maka hoton na'urar da na wurin ka nuna wa Inna, ka kuma roƙa mini addu'arta. In an sami mai tahowa, a haɗo mini da kuka da yaji, nawa sun kusa ƙarewa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanenka.