Shafin Facebook ko Shafinka na Kanka?

Mai ɗinkin hula a Daura da ke son a san aikinsa har Legas yana da hanya biyu: ya buɗe shafi a Facebook, ko ya mallaki nasa shafin intanet mai ɗauke da sunansa.

Facebook kyauta ne, kuma jama'a na can tuni, kamar rumfa a tsakiyar kasuwa. Amma rumfar aro ce. Mai kasuwar ne ke zaɓar wanda zai ga hotunanka, yana kuma iya rufe maka shafi ba tare da ya ji ta bakinka ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa 6. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, tun watan Yuni har Janairun 2022.

Shafin kanka kuwa filinka ne ka gina, kuma ni shi na fi so wa mai sana'a. Za ka yi rajistar suna, wato adireshin shafin, misali mai ƙarewa da .ng wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, ka biya kuɗin ajiyar shafin, kana sabuntawa duk shekara. Akwai kashe kuɗi, akwai wahalar koyo. Sai dai hular da ka ɗora yau tana nan inda ka ajiye ta, ba ta nutsewa ƙarƙashin rubuce-rubucen wasu, kuma Google na iya kawo maka baƙo.

Da farko babu mai leƙowa, sai ka riƙa saka adireshin a Facebook ɗin da jikin ledar kayanka.