Kyamarar tarko mai araha: tana kama gwanki, amma ba ta isa shaida a kan tsuntsu ba

Ƙaramar kyamarar nan ce mai launin kakin soja, wadda ake ɗaurewa a jikin bishiya a tafi a bar ta, da abu ya gifta ta ɗauki hoto da kanta. Batir takwas take ci, samfurin AA, sai katin memori. Ga mai gadin gona, ko ɗalibin da ke ƙirga namun daji a bakin mashaya a Yankari ko Sumu, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Gwanki, ɓauna, mugun dawa, duk tana kama su dare da rana. Wanda ya saye ta don tsuntsaye ne zai ciji yatsa.

Matsalar daga na'urar jin motsinta take. Ba gani take yi ba, bambancin ɗumi take ji tsakanin jikin dabba da abin da ke kewaye da ita. Jikin tsuntsu kan kai digiri 40 zuwa 42. To a Bauchi, cikin Maris da Afrilu, ɓawon bishiyar da rana ta gasa ya kai haka ko ya wuce, don haka sai maƙwaƙwafi ya sauka, ya gama ƙwanƙwasarsa ya tashi, kyamara na barci. Ciyawa mai zafi kuwa da iska ta kaɗa, nan take za ta farka, ka zo ka tarar da kati cike da hoton ciyawa.

Kada adadin megafiksel, wato yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, da aka rangaɗa a kwali ya ruɗe ka. A irin waɗannan masu araha, manhaja ce ke buɗa ƙaramin hoto ya kumbura, ba wani bayani da ya ƙaru. Ga ruwan tabaranta mai faɗin gani ne, ba ya jawo nesa kusa. Maƙwaƙwafinmu mai ruwan toka, wanda namijinsa ke da jan kai, tsawonsa kamar santimita 20 ne. A nisan taku ashirin ɗigo ne kawai zai fito.

Irin wannan ɗigon ne ya raba kan masana a Amurka shekara da shekaru. Suna da wani ƙaton maƙwaƙwafi mai baki launin hauren giwa, wanda ganin ƙarshe da kowa ya yarda da shi a 1944 ne, a wani daji na jihar Luwiziyana. A Afrilun 2004 wani mai bincike, David Luneau, ya ɗauki bidiyon kusan daƙiƙa huɗu daga cikin kwalekwale a jihar Akansas, masanan Jami'ar Cornell suka buga a mujallar Science a 2005 cewa tsuntsun yana nan. A 2006 masanin tsuntsaye David Sibley da abokan aikinsa suka ce a'a, ɗan'uwansa ne mai kama da shi, wanda ya cika dazuzzukan ƙasar. Gardamar duk a kan inda fari yake ne a fiffike. Na mai bakin hauren giwa yana gefen baya, na ɗayan kuwa a ƙasan fiffike ta gaba. Fiffike na kaɗawa, hoto ya yi dishi-dishi, farin ya malala cikin baƙin, kowa ya ga abin da ransa ke so. A 2023 wasu suka fito da hotunan kyamarar tarko daga Luwiziyana, su ma ba su kashe bakin masu shakka ba. Hukumar kula da namun dajin ƙasar ta kawo shawarar ayyana cewa tsuntsun ya ƙare a duniya a 2021, da 2023 ta zo kuma ta ɗage hukunci.

Idan dai dole da kyamarar nan za a yi aikin tsuntsu, akwai dabara. A nemi ramin da yake shiga, a ɗaura ta mita biyu zuwa uku daga bakin ramin. Ƙasa da mita ɗaya hoton zai dushe, don ba a saita ruwan tabaranta. Ta fuskanci arewa ko kudu, kada hantsi ko rana mai faɗuwa su dalle ta. A bar dogaro da jin motsi, a sa ta a tsarin ɗaukar hoto bayan 'yan daƙiƙoƙi, daga asuba zuwa hantsi. Wannan yana shan batir, saboda haka a sa na litiyom. Masu caji bolt 1.2 suke bayarwa maimakon 1.5, wasu kyamarorin sai su ɗauka batir ya ƙare su mutu. Duk lokacin da aka canja batir a duba kwanan wata, domin takan koma na masana'anta, hoton da kwanansa ya zama ƙarya kuwa ba mai saurarensa.

Lokacin hunturu a riƙa goge gilashin duk sati, ƙura na rufe shi. A Yankari sai da izinin ma'aikatan gandun, kuma a haɗa da akwatin ƙarfe da kwaɗo. Maɗaurin da ke zuwa cikin kwalin ba ya tsayar da gwaggon biri.