Ƙamus na Oxford Advanced Learner's: ya cancanci kuɗinsa?

Duk shagon littattafan da ka leƙa a kusa da Terminus ko kan titin Ahmadu Bello a Jos, da wuya ka rasa wannan ƙamus. A. S. Hornby ne ya fara fitar da shi a 1948, bugu na goma kuma ya fito a 2020. Tun asali don masu koyon Turanci aka tsara shi, kuma ƙananan kalmomi ne ke nuna ƙarfinsa.

Buɗe shafin "get". Yawancin ɗalibanmu "samu" kawai suka san ta da shi, alhali "get tired" gajiya ce, "get to Bukuru" isa Bukuru, "I don't get it" kuwa ban gane ba. Ƙamus ɗin ya kasa ma'anonin kashi-kashi, kowane kashi da ɗan take a samansa da jimlolin misali a ƙasa, don haka ido zai faɗa kan wadda kake nema ba sai ka bi shafin gaba ɗaya ba. Misalan ne ke gyara kuskure: ana cewa "get to Abuja" amma "get home", babu "to". Ya kuma nuna cewa "gotten" ta Amurka ce, a Ingila "got" ake cewa. Can ƙasa akwai "get up", "get over", "get by", waɗanda ke yawan kayar da masu rubuta WAEC, domin ma'anarsu ba ta fitowa daga sassan kalmar.

Inda yake da nauyi shi ne bayanin duk da Turanci ne. Wanda bai yi nisa ba zai nemi kalma ɗaya ya tarar da baƙin kalmomi uku a cikin bayaninta. Gara ya haɗa da ƙamus na Turanci da Hausa, irin na Roxana Ma Newman na 1990. Alamomin furuci ma sai da malami, ko a saurari sautin kyauta a shafinsu na intanet.

A yi hattara da jabu, sun cika kasuwa. Tawadarsu ta kan dusashe, rubutun bayan shafi ya riƙa bayyana ta gaba, ɗaurin kuma ya kan kwance da wuri. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin ka bi lambobin shafuka, don wasu kofin tsallake shafuka suke yi.