Stellarium da lissafin kusurwar sa'a a sararin Jos

Stellarium manhaja ce ta kyauta mai nuna taurarin sama, wadda Fabien Chéreau, ɗan ƙasar Faransa, ya fara ƙirƙira a shekarar 2001, kuma abin da ya fi jan hankalina a cikinta shi ne yadda take fitar da kusurwar sa'a, wato tazarar da ke tsakanin tauraro da layin zawali, layin nan da ya ratsa tsakar sama daga arewa zuwa kudu. Ana auna tazarar da sa'o'i, kowace sa'a digiri 15, kuma a kan wannan layi ne rana take idan ta take tsaka gab da azahar.

Lissafin ragi ne kawai: a cire lambar matsayin tauraro, wadda ake rubutawa RA, daga agogon taurari na wurin da mutum yake, wato lokacin da ake ƙidayawa da zagayen taurari maimakon na rana. Kaza da 'Ya'yanta tana da RA ta sa'a 3 da minti 47, saboda haka idan agogon taurari ya nuna 5:47, ta wuce layin da sa'a 2, ta karkata yamma da digiri 30. Da zarar an danna tauraro, manhajar tana nuna amsar a gefen hagu, lambobin suna tafiya daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma suna dacewa da lissafin takarda.

Sai dai komai ya rataya ne a kan wurin da aka shigar. Jos tana kusan digiri 8.9 a gabas, alhali agogon Najeriya an ɗora shi a kan digiri 15, bambancin da ya kai kimanin minti 24, don haka wajibi ne a danna maɓallin F6 a tabbatar da garin kafin a amince da kowace lamba. Shi kansa agogon taurari yana riga na bango da kusan minti 4 kullum.

Abu biyu suna iya rikita sabon shiga. Tauraron da saura sa'a 2 ya iso layin, manhajar tana rubuta masa sa'a 22, wanda daidai ne amma yana bukatar sabo. Haka kuma tana nuna RA iri biyu, ta shekarar 2000 da ta yau, wanda kuwa ya ɗauki ta farko zai ga saɓanin fiye da minti 1 a Kaza da 'Ya'yanta.

Ga malamin makaranta ko mai madubin hangen taurari, manhajar ta wadatar, kuma bayan an sauke ta a kwamfuta ba ta bukatar intanet.