Mai gyaran da ya auna wuta kafin ya kwance inji

Masu motar da ake kwana a cikinta, irin mai ɗaki da kicin, ga wani mai gyaran wutar mota da na ji daɗin aikinsa ƙwarai. Jak ɗin lantarki na baya ya duba mana, wato ƙafafun nan da ake saukewa bayan an yi fakin don kada motar ta riƙa rawa in ana zirga-zirga a ciki. Na hagu ne ya tsaya cak, in an danna makunni sai ya ɗan yi gurnani ya yi shiru. Wanda muka fara nuna wa ko durƙusawa bai yi ba, ya ce injin jak ɗin ya ƙone, a sayo sabo.

Shi wannan bai ɗauki sifana ba sai da ya ɗora mita. Batir ya nuna volt 12.6, a cike yake ke nan. Fiyus lafiya lau. Sai ya shiga ƙarƙashin motar, ya ce in danna makunnin yana auna wutar da ke isa bakin injin, sai ga ta ta faɗi warwas. Daga nan ya ja wayoyi biyu kai tsaye daga batir zuwa injin. Nan take ƙafar ta sauka, da ya juya wayoyin kuma ta koma sama. Ashe inji garau yake.

Laifin na wayar da ake ɗaurewa jikin shasi ne, wato wadda wuta ke bi ta koma batir. Ruwa da laka sun cinye bakinta, tagullar ta yi kore shar, kusoshin ma da yatsa yake juyawa. Ya kankare wurin da burushin ƙarfe har ya yi fari, ya sa sabon kai, ya ɗaure tamau, ya shafa giris. Doguwar sukurun da ƙafar ke hawa a kai ma ya wanke ta, domin in ƙasa ta cushe ta injin yana wahala ya ja wuta fiye da kima.

Ya kuma ja kunnena da abin da mutane da yawa ke yi: ɗaga mota da waɗannan ƙafafu don daidaita ta. Ba aikinsu ba ne, tokarewa kawai suke yi. Daidaitawa da katako ake yi a ƙarƙashin taya.

Inda nake da ƙorafi shi ne bai rubuta mana abin da ya auna ba, kuma da wuya a same shi a waya. Duk da haka, in na dama ya fara irin wannan gurnani, shi zan kira.