Farin Gesso Ko Mai Bushewa Garau?

Masu haɗa katin gaisuwa da hannu sun dame ni da tambayar wane irin gesso za su saya, wato shafen da ake fara yi wa takarda kafin a yi fenti ko zane a kanta.

Farin yana ɗauke da alli da sinadarin titanium, shi ya sa yake rufe rubutun tsohuwar jarida ruf, kala kuma ta fito tas a kansa. Ya fi sauƙin samu. Sai dai a shafa shi siriri sau biyu, don kati mara kauri yakan lanƙwashe idan ya jiƙe.

Mai garau, irin na kamfanin Liquitex, ba ya ɓoye komai. Kaushinsa kamar samfefa, yana riƙe fensir mai kala sosai, amma yana cinye bakin alƙalamin maka.

Mai aikin fenti, farin ya ishe shi. Wanda ke son adon takardarsa ya bayyana, ya nemi mai garau.